Ragon Alhaji a Ofishin Odit

Ranar Alhamis da safe Dominic mai gadi ya zagaya bayan ɗakin janareta da ɓawon kankana a hannu, ya tarar da igiya ɗaure a jikin ƙarfe, babu rago. Kafin lifta ta kai mutanen farko hawa na shida, labarin ya riga su isa.

Wanda bai san kamfanin Tafida da Pam ba, zai ce rago ɗaya me ya kai na tayar da hankali, a wurin da manajoji ke canza mota kamar riga. To, kamfanin akantoci ne, kuma babba. Aikinsu odit: su shiga kamfanin wani su binciki lissafinsa, sannan fatna, wato ɗaya daga cikin masu kamfanin, ya sa hannu ya shaida wa banki da gwamnati cewa abin da aka rubuta gaskiya ne. Sa hannun nan shi ne duk hajarsu. Saboda haka suke da ƙa'ida mai tsanani: ba ka karɓar kyautar wanda kake bincika, kuma ba ka binciken ɗan'uwanka ko surukinka. Ko kalanda aka miƙo maka sai ka kai rahoto.

Ragon ya zo ne ranar Talata a motar Alhaji Lukmanu, dillalin rodi da siminti a Dei-Dei, wanda ake gab da kammala masa odit. Direba ya sauke shi a bakin get, ya ce saƙo ne daga Alhaji, a ba ogan odit, ya ja motarsa. Farouk, manajan aikin, yana gida a lokacin, matarsa ta haihu. Jonah, ƙaramin ma'aikaci mai koyon aiki a ƙarƙashinsa, shi ya karɓi igiyar, kuma bai tsaya ko'ina ba sai sashen ɗa'a. Aka ɗaure ragon a baya, aka ce ranar Juma'a za a mayar wa mai shi. Yanzu ga shi babu abin mayarwa, kuma duk wanda ya ji labarin daga waje cewa zai yi kamfanin ya karɓa ya cinye.

A ofis irin wannan zargi ba ya hawa bene, gangarowa yake yi. Kafin a sha shayin safe an tuna cewa ranar Asabar ne auren Jonah. An kuma tuna cewa jiya da yamma wata a-kori-kura ta yayansa ta shigo harabar ofis, bayanta a rufe da tamfol, ta fita da Jonah a ciki. Waɗanda shekaranjiya suke yabon gaskiyarsa, yau su ne ke cewa dama shirun nan nasa bai kwanta musu ba.

Oga Bernard Pam, fatnan da zai sa hannu a aikin Alhaji, ya dakatar da shi nan take. Abin da ya fi dakatarwar ciwo shi ne wannan: Jonah ya ci jarrabawarsa ta ƙarshe bayan faɗuwa da tashi, abin da ya rage a rantsar da shi cikakken akanta shi ne shaidar fatna cewa mutumin kirki ne. Oga Bernard ya mayar da bironsa aljihu, ya ce ba zai shaidi wanda bai sani ba. Ranar Litinin kuma ake rufe karɓar takardun shaidar.

Sai aka kira Hajjo.

Ita ce shugabar sashen ɗa'a, ƙwararriya a binciken zamba, mace mai ƙarancin magana da yawan kallo. A bayan idonta ana ce mata Mai Bin Sawu, don in ta kama bakin zaren almundahana ba ta saki sai ta ga inda ya ƙare. Kaɗan ne suka san cewa duk hutun makarantarta a rugar kakanta ta yi shi, can wajen Uke. Ta sauko bayan janareta, ta cire takalminta mai tsini ta miƙa wa Dominic ya riƙe, ta tsuguna.

An yi ruwa ranar Laraba da rana, ƙasar wurin da sauran laushi. Sawun ragon ya fito sarai, kuma ƙafarsa ta baya ta hagu tana barin alamar da ba irin ta sauran ba, don gefen kofaton a ɓalle yake. Ta bi shi a hankali. Ba a ja ragon ba, bai turje ba, tafiyarsa ya yi kusa da wani mai takalmin fata, irin wanda kowane namiji a ginin yake sawa. Sawun ya ƙare a bakin shimfiɗar siminti inda manajoji ke ajiye motoci. Nan ɗin dai ne a-kori-kurar ta tsaya jiya.

"Kyamarar nan fa?" Hajjo ta tambaya, tana nuna bango.

"Ta mutu tun da tsawa ya buga ta, madam," in ji Dominic. "Na faɗa, na faɗa, ba a gyara ba."

"Kai kake ba shi abinci?"

"Ni ne. Shi ya sa wasu suna kallona. Madam, ni da ragon nan mun saba, in zan sace ba zan kawo masa kankana da safe ba."

"Ka duba bayan motar yayan Jonah?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban duba ba. Jonah ne a ciki, yaron kirki."

"Motocin manajoji fa?"

Dominic ya dube ta kamar ta ce ya caje limamin Juma'a. "Jakar ƙananan ma'aikata muke dubawa, madam. But ɗin oga ba a buɗewa. Sun fita da yawa jiya. Har Oga Farouk ma ya leƙo wajen magariba, ya ce kwamfuta ya zo ɗauka."

Ta karɓi takalminta ta sa, ta ce ya kira mata direba.

Gidan su Jonah a Kuje yana bayan kasuwa, ɗaki uku a jere da ɗan tsakar gida. Tana shiga idonta ya faɗa kan fata a shanye jikin katanga, ta tsaya, don ba ta so ya zama ta ragon ce. Da ta matsa sai ta ga fatar jar akuya ce, ta ma bushe tuni. A gefe ga kujerun roba a jibge da buhun shinkafa, waɗanda Jonah ya ce su ne a ƙarƙashin tamfol jiya. Ta nemi ganin motar. Yayan ya wanke ta tas saboda biki, ko ƙwayar kashin rago babu, ba abin da zai gaskata shi ko ya ƙaryata shi.

Jonah yana zaune a kan benci da rigar ofis a jikinsa har yanzu, an sassauta nakatayal kawai.

"Madam, baban Christina ya kira," ya ce. Christina ita ce amaryar. "Wani ya gaya masa an kore ni don sata. Ya ce a dakata da komai sai ya ji gaskiya. Mutane sun riga sun taso daga ƙauye."

"Me ya sa ka kawo rahoton ragon tun farko?"

"Haka aka koya min. Ranar da na fara aiki Oga Farouk ya zaunar da ni, ya ce Jonah, a aikin nan sunanka ne jarinka, ko biro aka ba ka ka faɗa. Ban taɓa mantawa ba." Ya juya wayarsa a hannu. "Tun safe nake kiransa, bai ɗauka ba. Na san yau ne suna, yana da baƙi. Amma shi ya san ni. In ya yi magana Oga Bernard zai ji."

Mahaifiyarsa ta kawo wa Hajjo ruwa, ta tsaya tana kallonta. Hajjo ta sha, ta yi sallama. A hanyar komawa tausayin yaron ya cika ta, amma ta san tausayi ba hujja ba ne, kuma Oga Bernard ba ya sa hannu a kansa.

Ranar Juma'a da safe Dominic ya sake zagayawa bayan janareta, ya tarar da rago a ɗaure. Fari, mai ƙaho, yana tuƙa abinsa kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Ofis ya ɗauki murna. Aka yi sa'a kuma Farouk ya dawo aiki a ranar, ɗauke da kula cike da soyayyen naman suna, aka bi tebur-tebur ana rabawa a faranti, ana yi masa barka da samun Ameer. Masu cewa a kai Jonah wurin 'yan sanda jiya, yau baki da maiƙo suna cewa ai yaro ne, tsoro ya kama shi ya dawo da kayan mutane.

Oga Bernard ya kira Hajjo da Farouk ofishinsa, farantinsa a gabansa.

"Magana ya ƙare," ya ce. "Yaron ya dawo da shi. Ba zan kai shi ko'ina ba, ya ajiye aiki da kansa. Amma hannuna ba zai samu ba."

"Oga, a sassauta masa," in ji Farouk. Idanunsa sun yi ja, ya rame kamar shi ya yi naƙudar. "Tunda rago ya dawo, babu asara. A bar maganar kawai. Ni zan mayar wa Alhaji da kaina yau, ba sai an wahalar da kowa ba."

Hajjo ta ce a ba ta zuwa la'asar. Ta sauka da yankan naman da aka ba ta a cikin tishu, ta tsuguna gaban ragon, ta ɗaga ƙafarsa ta baya ta hagu. Kofato lafiya lau. Ta shafa gadon bayansa, ta ga ragowar shuɗin fenti irin wanda 'yan kara ke shafa wa dabbar da aka yi cinikinta, an goge amma bai fita duka ba. Wannan ragon ya fi na farko girma, ya kuma fi shi tsada.

Ta daɗe a tsugune. Mai son nama ba ya sace rago ya sayo wanda ya fi shi ya ajiye. Jonah, da ko kujerun bikinsa haya ne, ba shi da halin yi. Wannan aikin akanta ne tsantsa: an ga giɓi a gefe ɗaya, an kawo abu an cike, an ɗauka tunda ɓangarorin sun daidaita magana ta mutu. Wanda ya yi yana da kuɗin raguna goma, amma duk kasuwar Dei-Dei babu wanda zai yi masa sai wancan ɗin mai ɓallen kofato. Wa zai buƙaci rago takamaimai, kuma a safiyar Alhamis?

Ta dubi naman da ke hannunta. Ta naɗe tishun, ba ta ci ba.

Bayan an sauko daga masallaci ta tafi barka gidan Farouk a Gwarinpa, da turmin atamfa da sabulu kamar kowa. Nazeefa, mai jegon, ta karɓe ta da fara'a, ta miƙo mata jaririn.

"Masha Allah. Ameer ko? Mene ne sunan na yanka?"

"Lukmanu. Sunan Baba aka mayar. Kawuna ne, amma shi ya riƙe ni tun ina ƙarama, shi ya aurar da ni. Ai kun san shi ma, Anti, kullum yana alfahari surukinsa ne ke duba masa lissafi a Dei-Dei."

Yarinyar ta faɗi haka da zuciya ɗaya, ba ta san abin da ta faɗa ba. Hajjo ta yi wa jaririn addu'a, ta ce bari ta gaida mutanen baya.

A bayan gida wata dattijuwa tana kankare kai da ƙafa, za a ɗora wa mai jego farfesu. Hajjo ta gaishe ta, ta tsuguna kamar mai taya aiki, ta juya ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Ta ukun ce. Wuta ta babbake gashin, amma ɓallin kofaton yana nan.

"Rodi ya taka a shago," in ji Nazeefa daga bakin ƙofa. "Baba da hannunsa ya yi kiwonsa tun ranar da ya ji ina da ciki. Jiya ma tsayawa ya yi aka yanka a gabansa, ya ce ragon takwaransa ba ya wakilci."

Da la'asar Hajjo ta tara su a ƙaramin ɗakin taro: Oga Bernard a kan tebur, Dominic a tsaye kusa da ƙofa da hularsa a hannu, Jonah da aka kira daga Kuje, sai Farouk. Ta fara da Dominic, ta ce laifinsa ɗaya ne, bai buɗe but ɗin da ba a taɓa ba shi izinin buɗewa ba. Ta ce a gidan su Jonah ba ta ga komai ba sai fatar akuya da uwa mai jiran labari. Sannan ta ce ragon da ke ƙasa ba shi ne wanda ya ɓace ba, ta faɗi maganar kofato da ta fenti.

"To ina na farkon?" Oga Bernard ya tambaya.

Hajjo ba ta dube shi ba, Farouk take kallo. "Ɗazu na je barka," ta ce a hankali. "Allah ya raya Lukmanu. Ranka ya daɗe, gara ya fito daga bakinka."

Farouk ya ɗora hannayensa biyu a kan tebur.

"Ni na ɗauka," ya ce. "Ba kyautar odit ba ce, ragon sunan ɗana ne. Direban Alhaji ofis ɗina kawai ya sani, shi ya sa ya kawo nan. Sai ranar Laraba Alhaji ya kira yana tambaya ko saƙo ya iso, a lokacin Jonah ya riga ya kai rahoto."

"Alhaji Lukmanu surukinka ne?" in ji Oga Bernard. "Tun yaushe?"

"Shekarar da aka ba ni aikin na yi aure. Na ce in na gama na shekarar zan faɗa. Da na gama sai aka fara maganar ƙarin girma, na ce bari ta wuce. Wallahi ban taɓa gyara masa ko sifili ba, a sake dubawa. Shi bai ma san akwai ƙa'idar ba." Muryarsa ta karye. "Mutumin nan ya riƙe matata kamar 'yar cikinsa. Ta yaya zan bari a mayar masa da ragon takwaransa a motar kamfani, a ce masa cin hanci ne? In na faɗi gaskiya kuma aikina ya tafi. Na ɗauka in na sayo wani na ajiye, shi ke nan. Ban taɓa zaton za a kama Jonah ba."

"Amma an kama shi tun jiya da safe," in ji Hajjo. "Kana da waya."



Oga Bernard ya dubi yatsunsa, ya jawo tishu ya goge su, ko da yake maiƙon ya daɗe da bushewa. "Wato ni ma na ci," ya ce. Babu wanda ya yi dariya. Ya ce daga yau an cire Farouk daga aikin Alhaji, wasu za su sake odit ɗin tun daga tushe, maganar ƙarin girma ta mutu, sauran kuma sai abin da taron fatnoni ya yanke. Sannan ya zaro biro daga aljihu, ya sa hannu a shaidar Jonah a gaban kowa, ya ce a ba shi lambar baban Christina, shi da kansa zai kira.

Hajjo ta samu abin da ta fita nema, amma ba ta ji daɗin da ta saba ji ba. Farouk ba ɓarawo ba ne a idonta, mutum ne da kunya da kwaɗayin matsayi suka haɗu suka rufe wa baki. Sai dai bakin da ya rufe, a kan wuyan wani ya rufe shi.

Da aka tashi daga aiki ta hango Farouk da Jonah ta tagar bene, sai ta sauka. Farouk ya kwance ragon, yana tsaye bayan janareta da igiya a hannu, Jonah yana gabansa da jakarsa a kafaɗa.

"Wannan nawa ne, da kuɗina na saya," Farouk yake cewa. "Ba na abokin ciniki ba ne, babu ƙa'idar da ta hana. Ga Hajjo nan, tambaye ta. Gobe bikinka. Don Allah ka karɓa."

Jonah ya dubi ragon, ya dubi mutumin da ya koya masa aiki. Ba fushi a fuskarsa, kuma hakan ya fi fushin nauyi.

"Oga, na gode," ya ce. "Amma jiya ba rago nake nema ba. Ina zaune ina kallon waya, ina gaya wa mamana, bari ogana ya ɗauka, shi ya san ni."

Ya gyara jakarsa, ya gaida Hajjo, ya nufi get. Dominic ya miƙa hannu zai duba jakar kamar kullum, sai ya fasa, ya buɗe masa ƙofa. Farouk yana nan tsaye da igiyar a hannu har aka kira magariba.